Wanda Ya Dangwala wa Barira

Shekara goma sha tara Barira tana yi wa jam'iyya wahala a mazaɓar Zandam. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, amma da kakar siyasa ta kama sai ta bar wa 'yarta Lailatu suya, ta bi gida-gida tana fito da mata. Ita ce shugabar mata ta mazaɓar. Ciyaman kuwa ƙanenta ne, Ɗan'azumi, wanda ta goya a bayanta tun rasuwar mahaifiyarsu.

Da lokacin fidda ɗan takarar shugaban ƙasa ya matso, aka karanta musu tsarin jam'iyya a ofis. Kowace mazaɓa za ta zaɓi mutum uku, dole ɗaya ta zama mace. Waɗannan za su haɗu a Gwaram su zaɓi mutum ɗaya, shi ne deliget ɗin da zai je Abuja ya kaɗa ƙuri'a da sunan ƙaramar hukumar baki ɗaya.

A filin firamare aka yi na Zandam, ƙato bayan ƙato. Layin da ya tsaya bayan Barira sai da ya wuce bakin rijiya. Mata da goyo, tsofaffi da sanda, rana tana dukansu, ba wadda ta motsa har aka gama ƙirga. Na'ima, mataimakiyarta, ta riƙo hannunta ta ce, "Inna Barira, yau dai namu ya shiga ciki. Ki je ki yi mana abin da ya dace."

Mutum biyu ke neman kujerar deliget. Akwai Malam Jafaru, tsohon hedimasta daga Maruta, wanda ya koyar da rabin yaran yankin. Akwai kuma Alhaji Barau, ɗan kwangila mazaunin Kano, yaron wani jigon jam'iyya da ke Birnin Kudu, wanda kowa ke kira Jagora. Barau bai leƙo kowa ba. Malam Jafaru kuwa har zauren Barira ya zo a kan tsohon babur ɗinsa, ya zauna a tabarma ya ce idan Allah Ya kai shi Abuja, sai ya dawo ya tsaya gaban jama'a ya faɗi wanda ya zaɓa da dalilinsa. Wannan maganar ce ta shige ta. Sati biyu tana yawo, Kila, Sara, Fagam, tana lallashin sauran wakilai, har ta tabbata mafi yawansu suna tare da Malam.

Ranar Asabar da aka tsayar, tun ƙarfe takwas suka cika ofishin jam'iyya a Gwaram. Ɗan'azumi ya ce mata ta yi gaba, yana tafe. Aka jera benci, aka ajiye akwati a kan tebur, ana jiran kwamitin da uwar jam'iyya ta turo. Aka yi azahar ba su zo ba. Malam Jafaru ma shiru, wayarsa a kashe. Wasu suka fara zamewa neman abinci. Barira ta ƙi tashi, wai kada a zo ba ta nan.

Dab da la'asar Safiyanu, wakilin Maruta, ya gama amsa waya ya zo ya durƙusa kusa da ita.

"Hajiya, zaman banza muke yi. Kwamiti tun jiya suna Birnin Kudu, gidan Jagora."

"Me suke yi a can? Ai nan aka ce."

"Wanda ya kira ni ya ce har an rubuta sakamako."

Ta gyara mayafi ta nufi tasha. Safiyanu ya bi ta. Suka matsu a wata bas da ta ɗauko buhunan gero, tana tsayawa kowane ƙauye, har suka isa Birnin Kudu rana ta yi sanyi.

Ƙofar gidan Jagora cike take da motoci. Maigadi ya ce ba a shiga sai da izini. Suna cikin jayayya sai ga sakataren jam'iyya na Gwaram ya fito da fayil a hammata. Barira ta sha gabansa.

"Sakatare, mun wuni muna jiranku. Ina zaɓe?"

Ya yi 'yar dariya. "Hajiya, ai an yi maslaha. Malam Jafaru ya janye, Alhaji Barau ne deliget. Duk wakilai sun amince."

"Wakilan da na baro a kan benci?"

Ya ga mutane sun fara juyowa, sai ya buɗe fayil ɗin don ya rufe mata baki. Ga sunayensu a jere, kowanne da sa hannu ko dangwale a gabansa. Ta bi da yatsa har ta zo kan nata. An dangwala wani ƙaton babban yatsa da shuɗin tawada, har ya haura layin ƙasa.

"Ni tun da na gama ajin yaƙi da jahilci ban sake dangwale ba," in ji ta. "Sunana nake rubutawa, ka sani. Wannan yatsan wa ne?"

Sakatare ya rufe fayil. "Ki tambayi ciyaman ɗinki. Kowane ciyaman shi ya kawo na mazaɓarsa."

Ba ta jima tana jira ba Ɗan'azumi ya fito, yana sakace. Da ya gan ta sai ya tsaya cak, sannan ya ƙaraso ya ja ta gefen katanga.

"Yaya, me ya kawo ki nan? Da kin bari na dawo gida na yi miki bayani."

"Nuna mini hannunka."

Ya sa hannun dama a aljihu. Ta ci gaba da kallonsa har ya fito da shi. Tawadar tana nan a gefen farce, wanki bai fitar da ita ba.

"Yaya, wallahi ba yadda zan yi. Cewa aka yi duk wanda bai kawo mutum uku ba, ya ajiye ciyaman. Na san in na tambaye ki ba za ki yarda ba."

"Shi ya sa ka yarda a madadina."

"Ko kin yarda ko ba ki yarda ba, Barau ne zai tafi. Tun watan jiya aka gama wannan maganar."

"Tun watan jiya? Kana kallo na tsayar da matan nan a rana, kai ne ma kake ƙirga su?"

Ya sunkuyar da kai. A daidai nan Malam Jafaru ya fito, yana tura babur ɗinsa. Safiyanu ya juya masa baya. Malam ya rage murya ya ce, "Hajiya, ki yafe ni. Manya suka sa baki. Kuma kin san ɗana Saifullahi shekara shida da gama karatu yana zaune. An ce za a duba."

"Da ka buɗe wayarka ka faɗa mana, Malam. Akwai masu ciwon suga a cikinmu, tun safe ba su ci komai ba."

Ya buga babur sau uku kafin ya tashi.

Washegari mata suka cika gidanta suna tambaya. Ba ta ɓoye komai ba, har sunan wanda ya dangwala mata ta faɗa. Wasu suka yi salati, wasu suka yi tsaki. Wata tsohuwa ta ce ita dama ta san haka za a yi, kunyar Barira ce ta fito da ita. Wannan ta fi komai yi mata ciwo.

Safiyanu ya rubuta ƙorafi, su tara suka sa hannu, ya kai Dutse da kansa. Aka karɓa aka buga hatimi, ba a sake jin labarinsa ba. Aka yi taron Abuja aka gama. Har yau babu wanda ya san wa Alhaji Barau ya zaɓa, don bai taɓa taka Zandam ba.

Da kamfen ya kankama, Ɗan'azumi ya zo da bandir ɗin atamfa mai hoton ɗan takara, ya ajiye a tsakar gida, ya ce a raba wa mata. Barira tana matsar tunkuza, ba ta ɗago ba.

"Ɗauke kayanka. Na ajiye shugabancin."

"Haba Yaya, shekara goma sha tara fa."

"Na sani. Ni na yi su."

Ya kwashe ya kai wa Na'ima, ta karɓa. Ranar gangami Barira tana jin kiɗa da guɗa daga filin firamare, kuma ta gane muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Lailatu ma ta ɗaura atamfar ta fice ta ƙofar baya, uwar ta gani ta ci gaba da suyarta.

Ranar zaɓe ba ta fita ba. Ta zaci rashinta zai nuna a akwati. Da yamma Lailatu ta dawo ta ce jam'iyya ta ci Zandam, ƙuri'un ma sun fi na wancan karon. An ƙara wa Ɗan'azumi wa'adi. Yakan turo wa Barira shinkafa da Sallah, takan raba wa maƙwabta, kuma in sun haɗu a gidan rasuwa suna gaisawa.