Tudun Kakan Muntaka

Malam Muntaka maƙeri yana tsugune yana ƙwanƙwasa turken da farce sa'ad da motar injiniyan ta tsaya. Turken ƙarfe ne mai jan fenti, an kafa shi a tsakiyar tudun da ke bayan gonarsa. Ta nan sabon layin dogo zai bi, jibi kuma katafila za ta baje tudun.

Injiniyan, Abdussalam, ya rusuna ya gaishe shi, ya gaida babban ɗan maƙerin, Naziru, wanda shi ma furfura ta fara fito masa.

"Baba, an ce kana nemana."

"Tudun nan nake so a bar mini."

"Kabari ne?"

"Kashin maƙera ne."

Malam Muntaka ya miƙa masa wani baƙin dunƙule mai huji-huji. Ya ce nan kakansa ya haƙo tama, nan ya narka ta, wannan kuwa dattin da ke saura ne idan ƙarfe ya fita. A wancan zamani duk fartanyar da ta yi noma daga nan har Shanono, daga tudun nan ta fito.

"To me ya sa aka daina, Baba?"

"Jirgi ya iso Kano. Kakana ya tafi aikin shimfiɗa dogo, ya dawo da guntayen ƙarfe a kan jaki. Bai ƙara hura wuta a nan ba."

"Wato dogo ne ya kashe sana'ar."

"Shi ya kashe ta. Tsohon ƙarfensa kuma muke ƙera garma da shi har yau."

Abdussalam ya baje taswira a kan motar. Ya ce jirgi ba jaki ba ne da zai kauce wa tudu. Amma da a ce wurin narkawar yana nan a tsaye, da ya rubuta wa masu kula da kayan tarihi.

"Babana ya rushe shi ya shuka gero," in ji Malam Muntaka.

Injiniyan ya naɗe taswirarsa.

A bakin hanya an jibge sababbin ƙarafunan dogo. Tsohon ya taka a hankali ya je, ya karɓi fartanyar hannun Naziru, ya buga wa guda ɗaya. Ya karkata kai yana saurare har ƙarar ta mutu.

"Shekara nawa yake yi kafin a cire shi?"

"Arba'in, ko hamsin."

Malam Muntaka ya juya ga Naziru. "Ka ji. Ka gaya wa yaranka kada su sayar da uwar maƙera."

Ya karɓi dunƙulensa ya jefa a aljihu, ya yi wa injiniyan addu'ar gamawa lafiya. Har Abdussalam ya buɗe ƙofar mota, sai ya ji muryarsa a baya.

"Ɗan nan, turken fa? In kun gama da shi, lauje biyu ne."