Sunan Ɗan Fari

Mota ɗaya ce ta kashe su, babbar motar albasa da ta kife a hanyar Sakkwato, amma in ka shigo layin bayan tasha a Illela sai ka rantse uwa ɗaya aka yi wa rashi. Bashar ɗan Hajiya Mas'uda ne, matar wani babban dillalin albasa. Sahabi kuma ɗan Hadijatu ne, Bafillatanar da ke zaune a ɗakin ƙarshen layi tana sayar da nono. Abokan sana'a ne kuma surukai, don Sahabi ke auren Mahbuba ƙanwar Bashar. Tare aka yi musu sallah, aka binne su kusa da juna.

Hajiya Mas'uda ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ta faɗi ta suma, aka yayyafa mata ruwa, ta farfaɗo ta sake faɗuwa. Kowa ya tausaya mata, kuma ta cancanci tausayi, mutuwar ɗa ba wasa ba ce. Danginta na Ƙwanni suka tsallako iyaka da manyan kwanukan abinci. Da abin ya ƙi sauƙi aka kai ta wurin likita a Sakkwato, ya ce damuwa ce ta yi mata yawa, ya ba ta maganin barci da na hawan jini. Malamar asibitin unguwa ta riƙa zuwa har gida tana auna ta. Nan da nan kalmar damuwa ta shiga bakin matan layi, kowa sai ya rage murya ya ce, Hajiya na da damuwa, a lallaɓa ta.

Hadijatu kuwa tana zaune a kan tabarma ta ja mayafi, duk wanda ya ce mata ya haƙuri sai ta ce da godiya. Ko ɗigon hawaye ba a gani a idonta ba. Sahabi ɗan farinta ne, kuma a rugar bayan Tozai inda ta tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta kuka a kansa ko da gawarsa ce a gabanta. Tun ranar suna ba ta taɓa furta sunan nan ba. Yaron nan take cewa, ko wancan. Mutanen gari ma sun san wannan kunya, kakanninsu sun yi ta, amma mutum yakan manta abin da ya sani idan mantuwar za ta ba shi abin faɗa.

Aka kuwa samu abin faɗa. A wurin ɗiban ruwa, a gidan suna, har a bakin ƙofarta, magana ɗaya ce: Fulani ba su jin mutuwar mutum, sai saniya ta mutu suke kuka. Wata ta ce ai ko saniyar ba ta da ita yanzu, tun da ɓarayi suka kore garken ta biyo ɗanta gari, shi ya sa idon ya bushe gaba ɗaya. Aka kwashe da dariya. Hadijatu ta ji, ta gyara zaman ƙwaryarta a ka ta wuce.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya koma kamar ƙasa a bakinta. Zanenta da take ɗaurawa daidai yanzu sai ya zagaye ta ya yi saura. Wani abu mai nauyi ya zauna mata a ƙirji, ba ya hawa ba ya sauka. Idan ta ji ƙugin babbar mota sai ta firgita har nono ya zube daga ludayi. Kullum da hantsi takan dama fura a ƙoƙon da Sahabi yake sha a ciki, ta rufe da faifai ta ajiye a bayan ƙofa, in yamma ta yi ta juye wa awakin maƙwabta. Wani lokaci ƙafarta kan kai ta tashar albasa ba da shawararta ba, ta tsaya a gefen rumfa tana duban fuskokin masu lodi ɗaya bayan ɗaya.

Sau ɗaya malamar asibiti ta tsaya a ƙofarta, a kan hanyarta ta zuwa gidan Hajiya.

"Inna, lahiya dai ko?"

"Lahiya lau," in ji Hadijatu.

"Ai ku Hillani ƙarhe na. Da Hajiya ta samu rabin zucciyarki da mun huta." Ta yi gaba da jakarta, ko abin awon ba ta ciro ba.

Abu ɗaya ke tayar da Hadijatu daga tabarma kowace safiya, shi ne Ummi. Ɗiyar Sahabi ce, tun da aka yaye ta ya ɗauko ta da kansa ya ajiye a cinyar uwarsa. Kunyar da ta hana Hadijatu rungumar ɗa ba ta hana ta rungumar jika ba, don haka duk son da ta tara shekara da shekaru a kan yarinyar nan ta juye shi. Ita ke yi mata kitso, ita ke goya ta zuwa kasuwar Lahadi ko da yake ta wuce goyo. Goshin yarinyar da yadda take karkata kai in tana sauraro, duk na ubanta ne.

Ranar da Mahbuba ta fita takaba za ta koma gidan iyayenta, sai ga Hajiya Mas'uda da kanta a ƙofar Hadijatu. Ba ta yi sallama ba, ba ta kuma shiga ba.

"Ki haɗa kayan Ummi, da ita za mu tahi."

Hadijatu ta miƙe a hankali. "Hajiya, ubanta yab ba ni ita."

"Uban nata da kika kasa yi ma ko hawaye guda? Ni ba ni barin jikata hannun maccen da ba ta da zucciya. In wagga yarinya ta hwaɗi ciwo, zaune za ki yi kina kallo nata kina cewa lahiya lau."

Mata suka fara leƙowa ta katanga. Hadijatu ta ce ba za ta ba da ita ba, sai dai a je gaban Malam Abdulhamid, limamin unguwa mai makarantar Islamiyya, wanda shi ya ɗaura auren iyayen yarinyar. Hajiya ta ce a je, ai gaskiya ba ta tsoron zaure.

Bayan la'asar, da ɗalibai suka watse, suka hallara a zauren Malam. Hajiya ta zo da mata uku na gidansu, Mahbuba na bayanta kanta a sunkuye. Hadijatu ta zo ita kaɗai, Ummi na riƙe da gefen zanenta. Malam ya saurari kowa, sannan ya yi bayani a taƙaice. Ya ce riƙon yarinya haƙƙin uwarta ne, in Mahbuba ta so ta bar ta wurin kakarta babu laifi, muddin mai riƙon tana da lafiyar hankali da tausayi. Sai ya juya ga Mahbuba.

"Ke mi kic ce, ɗiyata?"

Mahbuba ta daɗe tana murza bakin hijabinta. "Malam, ni ban taɓa ganin Inna ta ƙuntata mata ba. Kuma shi marigayi haka yas so."

Hadijatu ta ji kamar an sassauta mata igiya a wuya. Amma Hajiya Mas'uda ba ta zo don ta koma hannu rabbana ba. Ta dubi ɗiyarta da harara, sannan ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci Hadijatu.

"Malam ya ce tausayi. To, mu gani. Mutuwa guda anka yi muna, ni ga ni nan ina shan magani. Ita hwa? Ana ganin ta tasha tana yawo tana kallon maza awa ba ita anka yi ma rashi ba. In tana son ɗan nan nata, ta hwaɗi sunanai nan gaban Malam. So guda tak. In ta hwaɗi, na bar mata yarinya."

Hajiya ta san sarai abin da ta tambaya, uwarta ma ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba har ta koma ga Allah. Mugunta ce tsagwaronta, irin wadda mutum kan yi idan nasa ciwon ya rasa inda zai huce. Malam ya ɗaga hannu ya ce wannan ba sharaɗi ba ne a shari'a, a bar maganar. Amma Mahbuba ta riga ta ɗago kai tana duban surukarta, kuma a idonta akwai tambaya. Ita ma ta kwana da wannan tambayar tun ranar jana'iza.

Hadijatu ta ga kallon, ta gane cewa yarinyar na shirin fita daga hannunta. Ta tuna uwarta, ta tuna matan rugarsu da yadda za su rufe baki in sun ji. Sannan ta ji ɗan hannun Ummi mai ɗumi a kan gwiwarta. Ta ce a ranta, suna ne kawai, zan faɗa in rufe baki in ɗauki jikata mu tafi.

"Sahabi," ta ce.

Muryar ta fito kamar ba tata ba. Ta so ta tsaya a nan, amma abin da ke ƙirjinta ya riga ya samu ƙofa. "Sahabi," ta sake cewa, da ƙarfi. Sai kuka ya ɓalle, kukan da aka danne tun yana jariri ana miƙa mata shi tana kau da kai, da na ranar da aka shigo da shi a makara. Ta faɗi a kan tabarma tana dukan ƙasa da tafin hannu. Mayafinta ya zame, furfurarta ta bayyana a gaban Malam. Hausa ta gudu daga bakinta, ta koma kiran ɗanta da Fillanci, tana faɗa masa duk abin da ba ta taɓa faɗa masa ba.

Daidai irin wannan faɗuwar Hajiya ta yi a tsakar gidanta, mata suka rufu a kanta da ruwa da mafici da addu'a. A nan babu wadda ta matso. Matan gidan Hajiya suka ja da baya suna tattare zannuwansu.

"A'uzu billahi," in ji ɗaya. "Ku ji yaren da taka yi. Aljanun daji na sunka tashi."

"Kun dai gani da idonku," Hajiya ta ce. "Dama na hwaɗi, yawon tasha ba banza ba na. Mahaukaciya ta. Malam, kai kac ce sai mai hankali."

Babu wanda ya ambaci damuwa. Kalmar nan tana da gidan da take shiga a layin, kuma ba ɗakin ƙarshe ba ne.

Ummi ta tsorata, ba ta taɓa ganin kakarta haka ba. Ta saki zanen ta tsala ihu ta ruga wurin uwarta. Mahbuba ta sure ta ta ƙanƙame, ita ma tana kuka, ta ja baya har ta jingina da bango. Malam Abdulhamid ya ce a kawo ruwa, ya ce wannan baiwar Allah baƙin ciki ne ya ci ta, a yi mata adalci. Amma da ya sake tambayar Mahbuba, ba ta iya duban kowa ba.

"Malam, tsoro nika ji. Bari in tahi da ita."

Haƙƙinta ne, Malam ba shi da ta cewa. Suka fita da yarinyar tana leƙen kakarta ta kan kafaɗar uwarta. Matar Malam ce ta fito daga cikin gida ta rufa wa Hadijatu mayafi, ta riƙe ta har kukan ya lafa, ta raka ta bakin layi. Kafin ta isa ɗakinta labari ya riga ta. Waɗanda jiya suka ce ba ta da zuciya, yau suna janye 'ya'yansu daga hanyarta.

Washegari da hantsi malamar asibiti ta biyo layin da jakarta za ta gidan Hajiya. Da ta zo daidai ɗakin ƙarshe sai ta tsallake kwata ta bi ɗaya gefen, ko lafiyar ba ta tambaya ba. Hadijatu na zaune a bakin ƙofa tana dama fura, ta gan ta. Ta zuba a ƙoƙon Sahabi ta rufe da faifai. Sannan ta jawo ɗan ƙaramin ƙoƙon Ummi, ta cika shi, ta rufe, ta ajiye su biyu a bayan ƙofa.