Cokalin Bindigar Kaka

A kwarinmu na Trompia yaro kan san sunayen kayan cikin bindiga kafin ya san sunayen waliyyai. Ni kaina goge bututun bindiga nake yi a wata 'yar masana'anta tun ina saurayi. Amma ban taɓa tsoron bindiga ba sai da 'yata Nives ta shiga gasar harbi, irin wadda ake gudu ana kayar da farantan ƙarfe, ana ɗura harsashi huɗu-huɗu da hannu ɗaya.

Ba bakin bindigar ke hana ni sukuni ba, cikinta ne. A ƙofar da ake tura harsashi akwai wani ƙarfe da muke kira cokali. Na bindigar Nives bakinsa a tsage yake kamar kofaton akuya, in ta yi sauri sai ya cafke mata babban yatsa. Har farce ya taɓa cire mata. Ita kuwa sana'arta zanen ado a jikin bindigogin masu kuɗi, da wannan yatsan take cin abinci.

Matata Graziella ta yanke hukunci tana tuƙa polenta, tuwon masararmu, ko juyowa ba ta yi ba. In yarinyar nan ta dawo ran Lahadi da jini a yatsa, bindiga ta bar gidan, gasa kuma ta ƙare. Nives ta dube ni, ni kuma na dubi tukunya.

Maganin yana ƙasan benenmu, wajen surukina Tarcisio, uban Graziella. Tsohuwar bindigarsa ta farautar tsuntsaye samfurinta daban, amma gida ɗaya suka fito da ta Nives, kuma cokalinta sumul yake, ba tsaga. Na same shi ran Asabar yana shafa mata mai, domin gobe ake buɗe farauta. Na yi masa bayani cikin ladabi. Ya ce Fada, limamin cocinmu, da kansa ya yayyafa wa bindigar nan ruwan albarka, ba zai bar mai goge bututu ya yi mata tiyata ba.

Sai ga Nives ta sauko. "Kaka, yaushe rabonka da ka harbo wani abu ban da ganye?"

"Ke da kike harbin faranti? Wa ya taɓa cin faranti da polenta?"

"To ara mini cokalin, ka ga ko abu ɗaya a jikin bindigar nan ya yi aiki bana."

Ya zage ta, ya zagi ubanta da ke tsaye a gabansa, sannan ya miƙo bindigar.

Na baje su biyun a teburin gareji. Cokalin Tarcisio ya shiga ta Nives bayan na ɗan sa masa magagari, mai tsagar kuma na ɗaura a tasa. Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma ni mutum ne da in na kulle ƙofa sai na koma na taɓa ta. Na ce bari in buɗe bututan da harsasai ke kwanciya a ciki, na bindigogin biyu, in wanke, kada wani datti ya cuci 'yata. Na fito da sifirin, na fito da komai, na goge, na mayar. Na gwada da harsasan wasa guda biyu, suka shige kamar an shafa musu man shanu. Na kira Nives ta gwada biyun ita ma, ta sumbace ni a sanƙo.

Ran Lahadi na tsallake coci na bi ta filin gasa. Alƙali ya ce ta ɗura. Ta damƙi huɗu ta tura, suka shige. Ta damƙi huɗu na biyu, ɗaya ya shiga, ukun suka tsaya cak. Ta sake dannawa, ko motsi. Na ga yadda take matsa yatsan nan da ƙarfi.

"Bari dannawa," na ce daga bayan igiya, alƙali ya harare ni.

Aka ba ta izini ta je teburin gyara, na bi ta kamar karen da ya ci naman gida. Ta kwance murfin bututun, sifirin ya yi tsalle ya doki hular wani ɗan garin Bergamo. Bayansa wani ɗan sanda na itace ya zamo, ya yi baƙi don tsufa. Kowa a teburin ya san shi. Sandan da doka ta ce mafarauci ya sa ne don kada bindigarsa ta ɗauki fiye da harsashi biyu a ciki. Na surukina ne, ni na mayar da shi inda ba nasa ba; bututun Nives ya fi tsawo, shi ya sa har biyar suka samu wuri.

"Baba, lasisin farautar faranti ka yanko mini?"

Ɗan Bergamo ya tambaya ko ni ne makanikenta, ya ce yana da abokin hamayya da yake so in duba wa bindiga. Ni yatsanta kawai nake kallo.

Ta koma layi. Ban ga faranti ko ɗaya ya faɗi ba, don duk lokacin da hannunta ya nufi cikin bindigar sai in rufe ido. Ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta zo ta ƙarshe ba. A mota na sa ta ɗaga yatsan na duba shi ta kowane gefe.

Mun tarar Graziella ta juye polenta a katako. Ta kama hannun Nives ta kai shi taga, ta juya, ta latsa farcen, ta sake shi ba ta ce komai ba. A gidanmu wannan shi ne an yarda.

Sai ga Tarcisio ya hawo bene, babban yatsansa naɗe da hankici, jini ya huda. Cokali mai tsaga ya same shi tun ɗurin farko. Amma fuskarsa sai walƙiya take. Ya ce albarkar Fada ta motsa bayan tsufa, yau bindigarsa huɗu ta haɗiye. Bai harbo komai ba, amma ya yi ta harbi har kwarin ya amsa.

Na tambaye shi ko masu tsaron daji sun ji. Ya ce sai dai in kurame ne.

Na ajiye sandan kusa da farantinsa. Ya ture shi gefe, ya ce bai san shi ba. Graziella ta dubi yatsan ubanta, ta dubi na 'yarta, sannan ta miƙo mini tafin hannu.

"Makullin gareji, Ottavio."