Muryar da Ta Ce a Karya Dama

Gari ya waye da yayyafi, gajimare ya sauko har ya haɗiye saman hasumiyar filin jirgi. A ɗakin tuƙi, Kyaftin na gyara kujerarsa, mataimakiyarsa, wadda abokan aiki ke kira Auta, tana maimaita ƙa'idar tashi: a miƙe sak har a kai tsayin da aka ƙayyade, sannan a karya hagu. Ba a bin dama, dutse ne a can.

"Auta, tun kina rarrafe nake tashi daga filin nan," in ji shi da dariya.

"Shi ya sa nake tuna maka, Yallaɓai. Tsufa ba ya sallama."

Suna ɗagawa gajimare ya rufe su ruf, gilashi ya yi fari fat. Ba abin dogaro sai na'urorin da ke gabansu.

Ba su kai rabin tsayin ba, Kyaftin ya danna maɓallin rediyo, hankali kwance ya ce, "Mun ji, hasumiya. Dama yanzu." Ya kwantar da jirgin dama.

Auta ta kasa kunne. Babu komai a rediyon sai shuuu.

"Wa ya ce dama?"

"Ba ki ji shi ba? Ga shi nan yana sake faɗa."

Ta dube shi. Idonsa ba ya kan na'ura, yana gyaɗa kai kamar mai sauraron babban yayansa. Na'urar gargaɗi ta ɓarke da kururuwa.

"Saki, Yallaɓai! Jirgi na hannuna!"

Ta ba injuna wuta, ta ja sama, ta murɗa hagu. Nan gajimaren ya ɗan yage, suka ga dutsen baƙi wuluk, ruwa na bin jikinsa, da wutsiyar wani tsohon jirgi a maƙale, ciyawa ta cinye rabinta. Gajimaren ya sake haɗewa.

Bayan sun dawo aka zaunar da su a ofis, aka kunna maganganun da aka naɗa. A layin rediyon, muryar Kyaftin ce kaɗai, yana amsa umarnin da ba wanda ya bayar.

"Namiji ne ya yi min magana," in ji shi. "Wallahi na ji shi."

Dattijuwar da ke hasumiya a safiyar ta ce, "Ni kaɗai ce a bakin aiki, Kyaftin, kuma ban ce uffan ba." Ta sunkuyar da kai. "Jirgin can da ya faɗi kan dutsen, ina sabuwar zuwa abin ya faru. Su ma abin da na ji sun faɗa ta rediyo ke nan: 'Mun ji, hasumiya. Dama yanzu.'"

Masu bincike suka yanke cewa kuskuren matuƙi ne, ya kauce wa ƙa'idar tashi. Kyaftin bai yi musu ba, ya ajiye aiki.

Da Auta ta je gaishe shi, matarsa ta rako ta bakin ƙofa, ta rage murya.

"Ƙanwata, me ya same shi? Duk rediyoyin gidan nan ya kwashe ya kai shara. Amma kullum sai ya tambaye ni wa ya bar ɗaya a kunne."