Lambar Kunnen Jar Saniya

"Riƙe min jelar, Kulash! Ba kallo na kira ki ba."

Orazgali yana durƙushe cikin ciyawa, hannunsa na dama ya shige har kafaɗa cikin jar saniya, yana laluben ƙafar maraƙi. Ya tuɓe rigar fatarsa ya rataye, duk da sanyin watan Janairu da ke sa numfashin shanu fita kamar hayaƙi. Saniyar ba tasa ba ce, ta maƙwabcinsa Sansizbai ce, amma tun da ciwo ya kwantar da mai ita a watan Nuwamba take ɗakin shanun Orazgali. Shi da bakinsa ya ce a kawo ta. Ɗakinsa ya fi ɗumi, kuma mutumin da ke ciyar da shanu bakwai, duk masu ciki, ƙarin baki guda ba zai karya shi ba.

Kulash, matar Sansizbai, ta riƙe jelar tana kau da kai.

"Lokacinta fa bai yi ba," in ji Orazgali. "Ko wata bakwai ba ta cika ba. Ke da mijinki komai naku sai ya zo a karkace."

Ba ta rama ba, abin da ya ba shi mamaki ke nan. Shi da Sansizbai shekara ɗaya aka haife su, abin da a nan ake ce wa kurdas, kuma tsakanin kurdas ba a fushi da baƙar magana, har matansu suna ciki. Shekara arba'in Kulash tana ce masa mai hancin tarakta. Yau sai ta ƙara damƙe jelar kawai.

Maraƙin ya fito a mace, jikinsa ko gashin kirki babu. Abin da ya biyo bayansa ruwa ne mai launin ƙasa, mai wari. Orazgali ya zauna a kan dugadugansa. Tun yana saurayi yake karɓar haihuwar shanun ƙauyen nan, ba ya buƙatar a gaya masa. Ciwon ɓari ne, wanda in ya shiga garke yake bin masu ciki ɗaya bayan ɗaya. Ya waiwaya ya dubi nasa bakwai ɗin. Kwami ɗaya suke shan ruwa da ita wata biyu, suna lasar juna.

"Amma ai likitan dabbobi ya ɗibi jininsu da kaka," ya ce. "Wadda aka samu da ciwon a cikin naku baƙar tsohuwar nan ce, juya. Da idona na ga an ɗora ta a mota."

Saniyar ta yunƙura za ta tashi, ya kama kunnenta don ya kwantar da ita. Nan babban yatsansa ya ji abin da bai kamata ya ji ba. Lambar robar da hukuma ke maƙala wa kowace saniya a kunne ba ta ciruwa sai an yanke ta. Wannan an yanke ta, an mayar, an ɗaure da ɗan ƙaramin noti, an goge kansa sumul, har an shafa masa rawayan fenti. Mutum ɗaya ne a ƙauyen nan yake da hannun irin wannan aiki.

"Na ce masa kada ya yi," in ji Kulash. "Wallahi na ce masa, Oraz."

Orazgali ya wanke hannunsa da dusar ƙanƙara a bakin ƙofa, ya ɗauki rigarsa. Bai bi ta ƙofar gida ba, ta giɓin shingen da suka buɗe a tsakaninsu ya ƙetara.

Sansizbai yana kwance kusa da murhu, an rufe shi da barguna uku. Asibitin birni sun sallamo shi tun kafin sabuwar shekara, sun ce a kai shi gida ya sha abin da ransa yake so. Mutumin da ke ɗaga injin tarakta da kafaɗa, yanzu kofin shayi sai an riƙe masa. Amma bakin yana nan.

"Kai ne, mummuna? Ka shigo min da warin kashin shanu, so kake ka ƙarasa ni kafin lokaci?"

"Jar ta yi ɓari."

Sansizbai ya rufe ido.

"Aikin ya yi kyau," in ji Orazgali, yana tsaye, bai ko cire hula ba. "Har da fenti. Likitan ya duba takarda, ya duba kunne, ya ɗauki lafiyayyiya ya kai mayanka, ya bar mana mai ciwon. Hannunka bai taɓa kunyata ka ba."

"Zauna, kurdas."

"Na gode, ina da ƙafa."

"Jinin saniyar mahaifiyata ce. Ita kaɗai ta rage daga cikinsu." Ya tsaya ya yi tari, ya daɗe yana yi. "Na ce a raina likitan nan kwalaben jini yake rikitawa, ka san su. Na ce in ma gaskiya ne, zan ware ta ita kaɗai a ɗakina har bazara, ba wanda zai cutu. Ban san zan kwanta ba."

"Ranar da na zo na ja ta da igiya kana zaune a bakin tagar can. Har ɗaga min hannu ka yi."

"Na buɗe baki, na kasa."

"Ka kasa."

"Kunya ce, Oraz."

"Kunyar bakinka ka ji, ta shanuna ba ka ji ba. Da hannu tsirara na shiga cikinta yau, ga ciwon yana kama mutum. Matata Dariga ta sha tatsar ta. Kalma ɗaya ce fa, Sansizbai! Da ka ce min a ɗaure ta daban, da na ɗaure ta daban, ba zan tambaye ka dalili ba, ba kuma zan kai ka gaban kowa ba. Ka san ni."

"Don na san ka ne na kasa."

Abin da ya fi cin ran Orazgali ke nan. Da baƙo ne ya sayar masa da saniya mai ciwo a kasuwa, da ya zage shi ya huce. Amma wannan mutumin tare suka yanki ingiricin da shanun suke ci. Tarakta ɗaya gare su, Sansizbai ke kula da ita, Orazgali ke kula da haihuwar shanun gida biyun, haka suka raba aikin tun suna da baƙin gashi, ba wanda ya taɓa cewa na gode.

Sansizbai ya fito da hannu daga ƙarƙashin bargo ya miƙo. "Tafiya zan yi. Na kira 'yan'uwa duk mun yi sallama, kai na bari a ƙarshe don na rasa ta inda zan fara. Ka yafe min."

Orazgali ya dubi hannun. "Bari su haihu tukuna."

"Yaushe ta farkon za ta haihu?"

"Ƙarshen Fabrairu."

"Sati biyar ke nan." Sansizbai ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Kurdas, dube ni da kyau."

"Na dube ka," in ji Orazgali, ya juya ya fita.

Ranar ya wuni yana aiki kamar wanda ake kora. Ya fitar da jar saniya ya mayar da ita ɗakin mai ita, ya kwashe ciyawar da ta kwanta a kai ya ƙone, ya wanke kwamin da tafasasshen ruwa, ya barbaɗa farar ƙasa ko'ina. Ya san duk wannan bayan ɓarna ne, amma hannu ba ya iya zama. Kowace safiya yakan bi shanun bakwai ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga jela, ya shafa ciki, ya kasa kunne.

"Tsoho, ka shiga ka gan shi mana," in ji matarsa Dariga a rana ta uku, tana zuba masa shayi da madara. "Kulash ta ce ya daina karɓar ko romo. Da an taɓa ƙofa sai ya ce kai ne."

"Na share musu ƙanƙarar ƙofa. Na ba shanunsu ciyawa."

"Ba shebur yake jira ba."

"Ke in yatsunki suka fara kumburi da zazzaɓi, sai ki je ki gaishe shi."

Sau biyu ya kai bakin giɓin shingen, sau biyu yana komowa. Ba wai ba ya son mutumin ba ne. Yana son sa, shi ya sa abin ya ƙi wucewa.

A rana ta biyar da hantsi, yana cikin kwasar kashin shanu, ya ji kukan Kulash ya tashi, irin kukan da ba a yin sa sai don abu ɗaya. Ya jingine shebur a bango, ya tsaya a wurin har sanyi ya fara cizon yatsun ƙafarsa.

Hanyar maƙabarta ta toshe, ƙanƙara ta kai ƙugu, kuma tarakta ɗaya ce a ƙauyen. Dattawa suka zo suka tsaya a kan Orazgali. Ya hura garwashi a tsohon bokiti ya tura ƙarƙashin injin don man ya saki, ya zuba ruwan zafi, ya ja igiyar tayarwa har kafaɗarsa ta yi tsami. Ta ƙi. Akwai wani wuri da Sansizbai yake bugawa da guduma sau biyu, yana zagin uwar injin, sai ta tashi. Shekara talatin Orazgali yana tsaye a gefe yana yi masa ba'a, bai taɓa duba ko ina ne ba.

"Ko wannan ma ba ka gaya min ba, macuci!" ya ce da ƙarfi, mutane suna ji. Ya yi ta buga ƙarfen nan ta ko'ina yana hawaye, hawayen suna daskarewa a gashin bakinsa, har ta yi tari ta tashi. Ya buɗe hanya. Matasa suka tara busasshen kashin shanu da tsofaffin tayoyi a inda za a haƙa kabari, suka cinna wuta don ƙasa ta yi laushi.

Washegari kafin ya fita ya duba shanunsa. Bakwai ɗin suna tsaye suna tuƙa, cikinsu a cike, ba wadda ta nuna komai. Kwana shida ke nan. Ya ji wani abu ya ɗan sassauta a ƙirjinsa, ya ce a ransa wataƙila Allah ya rufa asiri.

Aka shimfiɗa gawar a tsakar gida, maza suka yi sahu cikin rigunan fata. Bayan salla liman ya juyo ya yi tambayar da ake yi wa kowa.

"Jama'a, wane irin mutum ne Sansizbai?"

"Mutumin kirki ne," aka amsa.

"Wanda yake da haƙƙi a kansa, ya yafe masa?"

"Mun yafe."

Orazgali bai buɗe baki ba. Liman ya sake tambaya, aka sake amsawa. Labarin lambar kunne ya riga ya zaga ƙauye, don haka a karo na uku ba wanda ya yi gaggawar magana, idanu suka dawo kansa. Ta tagar ɗakin mata ya hango farin ɗankwalin Kulash. Ya dubi dogon abin nan da ke naɗe cikin darduma, ya ga yadda ya ƙanƙance.

"Na yafe masa," ya ce, muryarsa ta fita fiye da yadda ya yi nufi. "Duniya da lahira."

Shi ya tuƙa taraktar da ta ja gawar, shi ya fara zuba ƙasa. Da aka dawo ana shiga gidan makoki cin nama, ya ce bari ya leƙa gida ya wanke hannu.

Dariga tana tsaye a ƙofar ɗakin shanu da bokiti, fuskarta ta gaya masa kafin bakinta.

"Wacce?"

"Farar. Kuna fita ta fara." Ta ajiye bokitin. "Mai tabon goshi ma ta ƙi cin ciyawa tun ɗazu."

Ya shiga. Farar saniya tana tsaye tana lasar abin da ke kwance a ciyawa, tana tura shi da hanci ya tashi. Mace ce, da ta rayu da ta yi kyau. Orazgali ya ji maganar da ya furta da hantsi tana yi masa ɗaci a baki. Ya so ya karɓe ta, ya so ya ƙetara shingen nan ya tsaya a kan mutumin ya ce masa zo ka gani. Amma ya riga ya faɗa a gaban mutum arba'in, kuma wanda zai gaya wa yana ƙarƙashin ƙasar da shi da kansa ya zuba.

Ya naɗe maraƙin a tsohon buhu, ya kai bayan gida. Ya sari ƙasa da shebur, ƙarfen ya yi ƙara ya dawo. Sai ya koma ya ɗebo busasshen kashin shanu, ya jera, ya cinna wuta.

Dariga ta tsaya tana kallon yadda yake ta ƙara jerawa. "Tsoho, wannan wutar ai ta fi ƙarfin rami ɗaya."

"Na sani."

Ya jawo kututture ya zauna, buhun yana gefen ƙafarsa. Daga ƙetaren shinge ana jin ƙarar kwanuka da muryar liman yana karatu. Babu iska ko kaɗan, hayaƙin ya miƙe sama sak, ƙanƙarar da ke kewaye da wutar ta fara narkewa a hankali tana zama baƙin ruwa.