Yana Cikin Tulu

"Ɗari da huɗu?" Kaneng ta ɗago kai daga takardar ta dubi yayanta. "Yaya Labaran, Mamar tamu ce ta shekara ɗari da huɗu?"

"Ke kin ga takardar haihuwarta ne da za ki musa?" in ji shi, yana gyara zaman tabarau.

A shagon Valentine suke, mai buga katin biki da littafin jana'iza a bayan kasuwar Taminus. Washegari Asabar za a binne mahaifiyarsu, Ngo Chundung, a ƙauyensu kusa da Vom, kuma Labaran ne ya ɗauki nauyin littafin, tun da shi ne babba, ga shi dattijon ikilisiya a Unguwar Rukuba. Mutum ne mai kirki, sai dai idan ya riƙe alƙalami ko makirfo, abin da ya gani a ƙasa ba ya isarsa sai ya ɗaga shi sama.

Har hoton bai tsira ba. Babu hoton Mama ko ɗaya da ba ta riƙe da fartanya, don haka aka sa Valentine ya goge fartanyar a kwamfuta. Ta fito da hannu a dunƙule kamar mai neman dambe.

"Madam, Mama ya yi kyau fa," in ji Valentine da gurguwar Hausarsa. "Ni na gyara shi da kaina."

Kaneng kuwa damuwarta daban ce, kuma kwana uku ke nan tana cin ta. Akwai wata acca ja da Mama ta zo da irinta daga gidan uwarta ranar da aka kawo ta aure, a ƙulle a bakin zane. Shekara sittin da wani abu tana yafa ta, ba ta taɓa tsallake damina ba, ko shekarar da Baba ya tafi haƙar kuza ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ko shekarar da ta binne tagwayenta. Da accar nan ta ciyar da bakwai ɗin da suka rayu har suka yi karatu suka guje wa gona. Kaneng kaɗai, autarta, take zuwa duk damina in ta sami hutun makaranta, Mama kuwa kullum tana ce mata, "Ranar da ba ni, ke ce uwar irin nan."

To, ranar Talata da Kaneng ta leƙa rumbu, sai ta tarar an share shi tas. Matan gari sun surfe accar duka sun yi wa masu gaisuwa gwate. Ba da mugunta ba, haka ake yi, baƙin makoki ba sa komawa da yunwa. Amma surfaffiyar acca ba ta tsiro. Ga ruwa ya fara sauka, ga gona a gyare, iri kuwa ya tafi a cikin mutane.

Ta juya bangon baya na littafin. A ƙarƙashin hoton an rubuta da manyan baƙaƙe: MAGANARTA TA ƘARSHE: "YANA CIKIN TULU."

"Wannan fa?"

Labaran ya yi murmushin wanda ya daɗe yana ɓoye kyauta. "A asibiti, kin fita sayen magani. Ta kama hannuna ta ce, 'Ka gaya wa Kaneng, yana cikin tulu.' Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Kin ga zurfin magana? Jikin mutum tulu ne na yumɓu, rai kuwa yana ciki. A kan wannan zan yi jawabi yau da yamma."

"Ta ce ka gaya mini, Yaya. Yau kwana tara!"

"Ai ga shi na gaya wa duniya duka."

Kaneng ta san uwarta. Matar da addu'arta a lokacin shuka ba ta wuce, "Ubangiji, ka san sauran, amin," ba za ta ɓata numfashinta na ƙarshe a kan kacici-kacici ba. Ta suri jakarta ta bar shi yana gardama da Valentine a kan launin furanni.

Motar Vom ta tsaya a Bukuru ta sauke kaji, ta sake tsayawa ta ɗauki buhunan dankali, duk Kaneng tana jin kamar ta sauka ta tura ta. Tana isa gida ba ta ko gaisa da kowa sosai ba, ta ratsa ta tsakiyar masu jera kujeru ta faɗa ɗakin Mama. Tulun bayan ƙofa ruwa ne a ciki. Na ƙarƙashin gado, tsofaffin katunan asibiti da haƙorin Baba na roba. Na kicin, daddawa. Wani fasasshe a gindin shingen ƙerana, kaza ce a kwance a ciki, ta kai mata sara. Har randa ta kifar, matan da ke girki suka bi ta da kallo suna girgiza kai.

"Ku ƙyale ta," in ji wata. "Ba ta yi kuka ba tun ranar rasuwar, shi ne yake fita ta nan."

Gaskiya ne ba ta yi kukan ba. Ta zauna a bakin rumbun da babu komai a ciki, hannu duk ƙura, tana jin kunya fiye da baƙin ciki. Abu guda aka bar mata, ta rasa shi tun kafin a sa mai shi a ƙasa.

Ƙarfe huɗu matan zumunta suka shigo tsakar gida a layi, da anko da ɗankwali iri ɗaya, don waƙoƙin ban kwana. Ngo Garos ce a gaba, aminiyar Mama tun suna 'yan mata, rungume da tulun kiɗa. Shi ne tulun da Mama ta shekara arba'in tana bugawa a coci da guntun soson katifa, kuma a can ake ajiye shi, a bayan bagade, ba wanda ya buga shi tun da ta kwanta ciwo. Mama ba ta da muryar waƙa, kowa ya sani har da ita, amma in ta sauke soso a bakin tulun nan, na ƙarshen gari ma ya san an fara sujada.

Aka ɗaga waƙa. Ngo Garos ta ɗaga soso ta sauke.

Bif.

Ta gyara zama ta sake bugawa. Bif, kamar an mari buhun dusa. Waƙar ta yi rauni, mata suka fara duban juna.

"Tulun ma makoki yake yi," in ji wata. Nan da nan maganar ta zaga, wasu suka fara share ido da bakin ɗankwali. Labaran, wanda isowarsa ke nan da kwalin littattafai, ya ga abin ya faɗo daidai kan jawabinsa. Ya karɓi makirfo.

"'Yan'uwa, kun ji da kunnenku. Mama ta faɗa da bakinta cewa yana cikin..."

Bai ƙarasa ba Kaneng ta riga ta durƙusa a gaban Ngo Garos. "Ngo, ba ni tulun nan."

Ta naɗe hannun riga ta zura hannu har kafaɗa. Ta taɓo wani abu mai laushi, ta ja, ya ƙi, ta murɗa shi ya fito da kyar. Tsohon ɗankwalin zumunta ne, an yi masa ƙullin nan na Mama da ba ya kwantuwa sai da haƙori. Tana kwancewa toka ta tashi, da busasshen barkono na korar ƙwari. A ƙasansu ga acca ja da ɓawonta, ta kai mudu biyu.

Sai Ngo Garos ta tuntsire da dariya har soso ya faɗi daga hannunta.

"Chundung! Kai, Chundung! Shi ya sa kafin a kai ta asibiti ta ce sai an biya da ita coci, wai za ta yi addu'a ita kaɗai. Ta san halinmu! Rumbu nawa ni da ita muka share a gidajen makoki?"

Dariya ta kama mata, har da waɗanda suka yi surfen. Labaran ya tsaya da makirfo a hannu, ya dubi kwalin littattafai, ya dubi accar. Ya kashe makirfon, ya zo ya tsuguna kusa da ƙanwarsa, bai ko tuna da farar rigarsa ba. Ya ɗebi irin a tafin hannu yana murza shi da yatsa.

"Auta," ya ce a hankali, "ranar Litinin in an yi ruwa, ki jira ni. Sai dai ki sake nuna mini yadda ake yafawa, na manta."

"Ka zo da tsohon wando, Yaya."

Ngo Garos ta ɗauki sosonta ta kaɗe, ta jawo tulun tsakanin ƙafafunta, ta sauke hannu.

Dum.

Muryar tulun ta fito cikakkiya, ta cika gidan ta haura shinge, irin wadda Kaneng take ji kowace Lahadi tun tana goye a baya. Ta rungume ƙullin a ƙirjinta, sai a lokacin kukan ya zo.