Taken Nagoggo

A unguwar mahauta ta Daura, idan yara suka kaure da gardamar wanda ya fi kowa ƙarfi a duniya, wannan ya kawo na talabijin, wancan ya kawo na cikin waya, manya ba sa ɓata bakinsu. Sai dai su nuna musu wani zaure mai ƙofar langa-langa su ce mai ƙarfin yana ciki. Yaran su leƙa, su ga tsoho a kan tabarma, yawu na bin gemunsa, hannunsa na dama na karkarwa a kan cinya. Sai su kwashe da dariya su ce an yaudare su. Ba laifinsu ba ne. Ba su ga Nagoggo ba, abin da dambe ya rage suka gani.

A zamaninsa kuwa, da kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, mahauta suka fara yawon dambe gari-gari, to duk filin da aka ce Nagoggo ya sauka, sai ka ga manyan 'yan dambe sun tuna suna da uzuri a gida. Daga Daura zuwa Mashi har cikin ƙasar Nijar babu wanda ya taɓa ganin gwiwarsa ko tafin hannunsa a ƙasa, kuma a dambe wannan shi ne faɗuwa. Masu ƙarin gishiri suna cewa ya taɓa naushin bijimin sa ya durƙusa. Wannan kam ƙarya ce, kuma Nagoggo bai buƙaci a yi masa ƙarya ba. Abin da aka gani da ido ma ya isa.

Ɗansa Yazid bai gaji ko ɗaya ba. Tela ne, yana da shago a bakin kasuwa, siriri ne marar hayaniya, har abokan uban suna tsokanarsa wai duk gidan Nagoggo an rasa makamin da za a riƙa sai allura. Shi dai murmushi yake yi. Dama tsakaninsa da uban babu doguwar hira, Nagoggo mutum ne da ba ya son magana a gida, labarinsa ma a bakin mutanen gari Yazid ya ji shi.

Ciwon a hankali ya shigo. Da farko tsohon ya riƙa manta inda ya ajiye wuƙarsa ta fawa, daga baya ya ɓata a hanyar masallaci, aka tsinto shi wajen rijiyar Kusugu yana tambayar mutane hanyar gidansu. Yazid ya kai shi asibiti a Katsina, likita ya ce dukan da kan ya sha ne shekara da shekaru yake fitowa yanzu, kuma ba shi da magani. Yazid ya ce ai babansa ba a taɓa ka da shi ba. Likitan ya ce shi ya sa, da yana faɗuwa da ya huta da wani dukan.

Sunaye suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ikilima, ƙanwar Yazid, wadda ta dawo gida tana jinyarsa bayan rasuwar mahaifiyarsu, wani lokacin yakan kira ta Inna, ya ɗauka uwarsa ce. Ita ko wannan ta samu. Yazid kuwa kullum da safe zai durƙusa ya gaishe shi, tsohon ya dube shi da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ya ce, "Sannu bawan Allah." Yazid na fita zaure sai ya tsaya ya share ido kafin ya hau babur. Abin yana cin sa ƙwarai. Ba ya neman uban ya warke, ya riga ya fid da rai da wannan. So yake ya kira sunansa sau ɗaya kafin ta Allah ta kasance, ga shi kuma jikin kullum baya yake yi, abincin ma sai an yi da gaske.

Wata ranar Laraba, ranar kasuwa, wani ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gidan, wayarsa na fitar da kiɗan kalangu na wani gidan dambe. Ikilima tana ba tsohon fura, sai ta ga hannun nan mai karkarwa ya tsaya cak, yatsun suka dunƙule. Da babur ɗin ya wuce hannun ya koma rawarsa. Ta faɗa wa yayanta, shi kuwa ranar ko ɗinkin kirki bai yi ba. Idan kiɗan wani ya taɓa shi haka, to nasa fa?

Kowane babban ɗan dambe yana da takensa, kiɗan da shi kaɗai ake yi wa, wanda da ya ji ya san da shi ake. Mai taken Nagoggo wani makaɗi ne, Ɗantsoho, yana nan da ransa a Mashi. Yazid ya rufe shago ya nufi can.

Ya same shi a gindin bishiyar bedi yana gyaran igiyar akuya, tsoho tukuf, ido ɗaya ya yi fari, amma bakin nan yana nan da kaifinsa. Da ya ji ko ɗan wane ne sai ya riƙe masa hannu ya ƙi saki, ya tambayi jikin abokinsa, sannan ya tsokane shi wai wannan wuyan ko marin yaro ba zai ɗauka ba. Amma da Yazid ya faɗi abin da ya kawo shi, sai fara'ar ta ɗauke. Ya ce a'a. Ya ce kalangun ma yana rataye, fatar ta bushe. Yazid ya ce a sake fata. Ɗantsoho ya ce hannunsa ya yi nauyi. Yazid ya ce ko kaɗan ne. Da dai ya ga uzuri ba zai fisshe shi ba sai ya fito fili.

"Ɗan nan, kai tela ne, ba ka san abin da kake roƙo ba. Take ba gaisuwa ba ce, kira ne. Ban taɓa kaɗa wa ubanka ya zauna ba, kuma bai taɓa tashi ya koma bai sa wani a ƙasa ba."

Yazid ya ce mutumin da sai an ɗaga shi yake zuwa banɗaki, wa zai sa a ƙasa? Daga nan ya sunkuyar da kai ya ce shi dai tun bara ubansa bai san shi ba. Ɗantsoho ya daɗe yana murza igiyar da ke hannunsa. Can ya ce to, zai zo, amma da sharaɗi: a share tsakar gida, kada a tara mutane, kuma in tsohon ya miƙe kada namiji ya tsaya a gabansa. Yazid ya amsa da sauri, irin amsar wanda bai saurara ba.

Da hantsi suka yi abin, bayan mahauta sun tafi mayanka, unguwa ta yi tsit. Ikilima ta yi wa tsohon wanka, ta sa masa farar riga, suka zaunar da shi a kan turmi a inuwar katanga. Ɗantsoho ya shigo da kalangu a hammata, ya gaishe da abokinsa da sunan da suke kiran juna tun suna samari. Nagoggo ya ce, "Sannu bawan Allah." Tsohon makaɗi ya juya baya kamar yana gyara tsirkiyar kalangu, ya ɗauki lokaci kafin ya juyo.

Ya fara a hankali, hannun da nauyi kamar yadda ya faɗa. Babu abin da ya motsa sai kajin gidan da suka watse. Yazid yana tsaye a gefe da kofin fura a hannu, wai ko tsohon zai sha in ya ji daɗi. Sai Ɗantsoho ya matse kalangu ya saki taken sosai.

Karkarwar ta tsaya. Nagoggo ya ɗaga kai. Idanun nan da suka daɗe kamar an zuba musu ruwan kanwa suka washe, ya dubi makaɗin ya ce, "Ɗantsoho, yau ka makara." Ikilima ta toshe baki da gyale. Ba wanda ya kama shi, ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya ware ƙafafu, ya ja hannun dama baya, ya buɗe baki ya yi kirari da wata murya da gidan ya manta da ita, ya ambaci garuruwa, ya ambaci mazan da ya kayar, da yawansu sun daɗe a kabari. Ɗantsoho yana kiɗa hawaye na bin fuskarsa. Wallahi a wannan lokacin ko yaran unguwa suka leƙo ba za su yi dariya ba.

Sai tsohon ya taka, ƙafar ta ɗan gurɗe, ya yi tangaɗi.

Yazid bai yi tunani ba, wa zai yi? Ya yi tsalle ya sha gabansa don ya tare shi. Ya miƙa hannun hagu a buɗe, na daman kuma ya ja shi baya don kada furar ta zube. Shi a ransa ɗa ne zai riƙe ubansa. Amma duk wanda ya taɓa zuwa filin dambe ya san wannan tsayuwar, hagu a gaba tana kariya, dama a baya tana jiran kai duka. Haka abokin karawa yake tsayawa. Ɗantsoho ya buɗe baki zai yi magana, bai samu dama ba.

Yazid bai ga tahowar hannun ba. Ya dai ji kansa ya yi ƙara, ya ga katanga ta karkace, sai ga shi kwance, ƙasa a bakinsa, fura ta wanke masa riga. Naushin tsoho ne, marar lafiya, wanda rabonsa da cin abincin kirki an daɗe, amma ya san inda ake sa shi. Ikilima ta yi salati ta yunƙuro, Ɗantsoho ya tare ta da ido. Bai daina kiɗan ba, ya dai sassauta shi, don ya san da ya tsaya abokinsa zai koma inda ya fito.

Nagoggo bai taɓa barin wanda ya kayar a ƙasa ba, wannan kowa ya shaide shi. Ya sunkuya, ya kama Yazid ta hammata ya tayar da shi zaune, ya karkaɗe masa ƙasar kafaɗa, ya sa babban yatsa ya goge jinin da ke leɓensa. Rabon da uban ya taɓa fuskarsa Yazid ba zai iya tunawa ba. Suka dubi juna kusa da kusa, idon tsohon garau, babu hazo ko kaɗan. Yazid yana jira ya ji sunansa.

Tsohon ya ce masa yana da zuciya, ba kowa ke tsayawa a gabansa ba. Ya ce amma ya bar dambe, ba sana'arsa ba ce, ya nemi wani abin yi tun da sauran ƙuruciya. Sannan ya tambaye shi daga wane gari ya zo.

"Daga nan Daura, Baba."

"Daura? Ashe ɗan gida ne." Ya yi murmushi, ya ɗan waiga wajen ƙofa. "To bari in tafi, yamma ta yi. Ina da yaro a gida, Yazid, bai fi haka ba." Ya nuna tsayin gwiwarsa da hannu. "Kullum yana bakin zaure yana jirana, ba ya cin tuwo sai na dawo. Ni ban iya wasa da yara ba, hannuna da nauyi, tsoro nake in ɗauke shi. Amma duk filin da na shiga shi nake tunawa."

Hannun Ɗantsoho ya gaza. Kiɗan ya yi rauni, ya tsaya. Yazid yana kallo karkarwar ta dawo cikin yatsun da ke riƙe da kafaɗarsa, hasken idon ya fara ja da baya. Ya so ya ce ni ne, ga ni nan, na girma. Amma tsohon yana dubansa yana jiran amsar da ake ba mutum idan ya yi zancen ɗansa, kuma lokacin ya kusa ƙurewa.

"Allah ya raya maka shi," in ji Yazid.

"Amin," in ji Nagoggo. "Amin, bawan Allah."